Ya halatta a gina wurin tunawa da waɗanda bam ya kashe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Ƙofar Ƙaura nake a Katsina. Yayana yana cikin waɗanda suka rasu a harin bam na Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014. Yanzu mu 'yan uwa da wasu da suka tsira muna so mu haɗa kuɗi a gina wani wuri a sa sunayensu, amma wani ya ce bidi'a ce. Meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan yayanka, Ya karɓi shahadarsu. Sama da mutum 100 aka kashe a masallaci ranar Juma'a, wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Tunawa da su dai ba laifi ba ne ɗan uwa. Annabi (SAW) ya je ya yi wa shahidan Uhudu addu'a bayan shekara 8, yana cikin Bukhari. Abin dubawa shi ne me za ku gina. In mutum-mutumi ne na siminti ko ƙarfe to wannan haramun ne, hadisin Sayyidina Ali a Muslim ya fito fili, kuma ka duba aya ta 23 a Suratu Nuhu, su Waddu da Suwa'u ai salihan bayi ne a cewar Ibn Abbas, don tunawa aka fara kafa musu alama, da zamani ya ja sai aka koma bauta musu. Gini a kan kabari ma an hana. Kunna kyandir da yin shiru na minti ɗaya kuma ba hanyarmu ba ce, ku yi musu addu'a.

Amma in rijiyar burtsatse ce ko aji ko ɗakin shan magani, a manna allo da sunayensu da kwanan wata don mai wucewa ya ce Allah Ya jiƙansu, ni ban ga hani ba tunda ba kabari ba ne, kodayake akwai malaman da suka fi son a bar allon ma. Sa'adu bn Ubada da mahaifiyarsa ta rasu rijiya ya haƙa mata. Ku da kuka san wahalar ruwa a cikin gari ba sai na faɗa muku ba.

Sai dai kafin a sayi bulo ko ɗaya, ku fara zama da waɗanda suka tsira ɗin nan ku ji, wa ke bin asibiti har yanzu, marayun wa ne suka bar makaranta. Kason farko na kuɗin nasu ne. Wallahu a'alam.