Amsar tambayarka kan jakar Inna

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce jakar fatar da na aiko wa Inna ta haddasa gardama a cikin gida, wasu na rantsuwa 'yar Maroko ce, kai kuma kana tambaya ko mu nan Maraɗi don Turawa masu yawon buɗe ido ake irin wannan aiki. Wane Bature? Mu ne masu saye, mu ne masu amfani da abinmu.

Shekarata 23 a garin nan, kuma katanga ɗaya ta raba ni da baduku, don haka abin da na gani zan faɗa maka. Komai daga akuya yake farawa. Jar akuyar nan da kuke kira 'yar Sakkwato a Kano, nan akuyar Maraɗi ce. Kada ka kuskura ka kira ta da sunan Sakkwato gaban dattijon garin nan, yanzu zai zaunar da kai ya ba ka labarin Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya lokacin jihadi suka yo nan. Fatarta ga laushi ga ƙarko. Ita ayari ke ƙetare Sahara da ita a da, Turawa su saya a hannun mutanen Maroko, har sunan can ya bi ta. Ka ga masu gardamar ba su faɗi ƙasa warwas ba.

Majemi zai jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, sannan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Warin wurin sai mai haƙuri. Launi ma daji ne ke bayarwa: ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi kuwa kuloko ne, da kashin maƙera ake haɗa shi. Abin da nake so ka gane ke nan. Kai kana neman hoton bishiya ko tsuntsu a jikin jaka, alhali bishiyar tana cikin fatar tun a majema.

Maƙwabcin nawa yana zama bakin zaure da hantsi, ya take fata da babban yatsan ƙafa, ya yanko zare siriri kamar tsinken tsintsiya, ya bi basilla da shi ba awo ba alli. Na taɓa tambayarsa lanƙwasar da ke bakin marfin jakar Inna, ya ce sawun maciji ne a rairayin Gulbi da safe, kafin shanu su tattake. Duba jakar da kyau, za ka gan shi. Macijin kansa bai zana ba, ya ce wace mace za ta rataya maciji a kafaɗa?

Tabarma da faifai kuwa aikin kaba ne, yawanci daga Gulbin Kaba wajen Mayahi, inda goriba ta yi yawa. Mata ke saƙa suna hira. Sai dai yawan yankan ganyen yana hana ƙananan itatuwan tashi, su tsaya a kututture shekara da shekaru.

Ka yi mana dariyar ƙwarya a kayan amarya. Roba ta shigo nan ma, ba musu. Amma hura (haka muke cewa, har bakina ya juye) idan aka dama ta a roba, surukata ko kallo ba ta yi. Ƙwaryarta ta tsage sau biyu, sau biyu gyartai ya ɗinke, tana nan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne rinin kanti da yara suka koma wa don sauri. Ga sheƙi, amma damina ɗaya ya zuba a riga. Ɗanyun fatu kuma a cika mota a yi wajenku da su, baduku na nan yana cigiyar mai kyau.

Batun takalmin da kake so: taka takarda, zagaye ƙafarka da biro, ka ba direban da ke biyowa ta Jibiya. Jika shida badukun ya ce, wato sefa dubu shida, kada ka lissafa da naira ka ce na cuce ka. Ka bari sai bayan layya, lokacin fata ke araha. Ka gaishe da Inna, ka ce kada ta bari ruwa ya taɓa jakar.