Amsa ga Maman Khadija kan maganar NHS, ƙungiyar karrama ɗaliban sakandare a Amurka

Assalamu alaikum Maman Khadija, yanzu na saurari saƙonki, ki yi haƙuri da ƙarar mota ina hanya ne. Kin ce matsakaicin makin Khadija na makaranta 3.8 amma ba a ɗauke ta a National Honor Society (NHS) ba, yarinya ta kwana tana kuka, kina tunanin ko saboda hijabinta ne. Wallahi abin ya taɓa ni, don na ga irinsa a kan babbar 'yata.

Kin ga ita wannan ƙungiya tun 1921 ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta nan Amurka ta kafa ta, kuma abu huɗu suke dubawa, karatu, hidima ga jama'a, shugabanci, da hali. Shi makin, ƙofa kawai yake buɗewa, 3.0 cikin 4.0 ne mafi ƙaranci, wasu makarantun su ɗaga shi zuwa 3.5, daga aji 10 zuwa 12 ake ɗauka. In yaro ya kai sai a ba shi fom, sai malamai biyar da firinsifal ya naɗa su zauna su kaɗa ƙuri'a, kuma abin da ke cikin takardar nan da abin da suka sani na yaron da shi suke aiki.

To nan ne yaranmu ke faɗuwa, mun tarbiyyantar da su da kunya da gudun riya, yarinya tana koyar da ƙanana a islamiyya duk Asabar da Lahadi, da azumi ita ce a masallaci tana raba abincin buɗa baki, ita ke raka tsofaffi asibiti tana musu tafinta, amma in aka zo fom sai ta bar gurin fayau wai ai don Allah ta yi. Ni da idona na ga Khadija tana wanke tukwane a masallaci har sha ɗayan dare! Malaman nan ba sa zuwa masallacinmu, ta ina za su sani? Ta rubuta, da awannin da ta yi, liman ko shugabar islamiyya ya sa hannu, niyyarta tana nan tsakaninta da Ubangijinta ba abin da ya taɓa ta.

Maganar wariya ban ce ba a yi ba, amma kafin nan ki je gun malamin da ke kula da ƙungiyar ki tambaya cikin mutunci wane ɓangare ne ya gaza, tunda aji 10 take tana da baɗi in sha Allah. Af, in wasiƙa ta zo gida mai suna kama da wannan ana cewa ki biya kuɗi a sa ta, wata ƙungiyar ce daban, ita NHS ta makaranta take biyowa.

Ki turo min Khadija ranar Asabar bayan la'asar ta zo da littafi mu zauna mu lissafa duk abin da ta yi tun bara. Ki gaishe min da Abban su.