Gurbi, layi da zubi: kalmomin akwatin haɗa kiɗa

Tambaya: Malam, na sayi akwatin haɗa kiɗa da ake kira gurubokis. Me ake nufi da sikwensa, sitef, tirak da fatan? Suna da Hausa?

Amsa: Ɗan'uwa, sunan akwatin ya bazu ne daga kamfanin Roland na Japan, wanda ya fitar da MC-303 a 1996, na'ura ɗaya mai ɗauke da amon ganguna da na sauran kayan kiɗa da kuma sikwensa. Ita sikwensa ba murya take naɗa ba. Umarni take riƙewa: wane amo zai fito, yaushe, da wane ƙarfi.

Maɓallai 16 da ke jere a gabanka su ne sitef, tsarin da TR-808 ta 1980 ta yi suna da shi. Wasu na cewa taku, ni kuwa na fi son gurbi, domin gurbi ana cika shi, ana kuma barinsa fayau, kuma wanda aka bari fayau ma kiɗa ne. Gurbi 4 su ne bugu ɗaya, bugu 4 zagaye ɗaya. Lambar BPM tana faɗin bugu nawa ne a minti. In ka sa 120, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, zagayen duka daƙiƙa 2.

Tirak layi ne, kowane abin kiɗa da nasa. Fatan kuma zubi ne, wato duk layukan a haɗe suna ta maimaituwa. Gwada wannan: a layin babbar ganga, wadda 'yan sitidiyo ke kira kik, kunna gurbi na 1, 5, 9 da 13. A layin sinaya, wato ƙaramar ganga mai kaifin amo, ko na tafi, kunna 5 da 13. A layin hayihat, wato faifan ƙarfe biyu masu amon cas-cas, 3, 7, 11 da 15. Ka adana kafin ka kashe, don akwatuna da yawa ba sa ajiye zubi da kansu.

Tambaya: Malam, na sa amon kalangu a akwatina amma kiɗan ya fito a sandare, ba ya sa rawa. An ce in taɓa suwin da belositi da kwantayiz. Mene ne su?

Amsa: Kafin su, duba lissafin gurbin. Kiɗe-kiɗenmu da dama suna raba bugu gida uku ne, akwatin kuwa yana zuwa da rabon gida huɗu. Sai ka rage tsawon zubin zuwa gurbi 12, bugu ya faɗa kan 1, 4, 7 da 10. A nan mutane ke kuskure: suna rage tsawon kawai, su manta da sauya ma'aunin gurbin zuwa na uku-uku. In haka ta faru, na'urar tana ƙirga bugu 3 ne masu gurbi huɗu-huɗu, saurin da ke allo ba zai dace da abin da kunne ke ji ba, kuma duk na'urar da ka jona ta MIDI, wato hanyar da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni, za ta saɓa maka wajen juyawar zagaye.

Suwin, a ganina, rangaji ya fi dacewa da shi. Yana ɗan jinkirta gurbi na 2, 4, 6 har zuwa ƙarshe. A yawancin akwatuna 50 na nufin babu rangaji, 66 kuma ya kai rabon gida uku. Fara tsakanin 54 da 60.

Belositi nauyin hannu ne, daga 1 zuwa 127. Makaɗi ba ya dukan fata da ƙarfi ɗaya, don haka ka ba manyan bugu wajen 110, ƙananan da ke tsakani 60 zuwa 80. Kwantayiz shi ne janyo bugun da ka kaɗa da yatsa zuwa gurbi mafi kusa. Yana gyara kuskure, amma in ka cika shi yakan kwashe ɗan gaba da bayan da ke ba kiɗa rai.

Sannan kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata, amo ya hau ya sauka kamar karin harshenmu. Amo ɗaya tak da aka naɗa ba zai iya wannan ba, sai ka sauya tsayin muryarsa gurbi-gurbi. Akwatunan kamfanin Elektron suna ba da dama a danne gurbi a murɗa maɓalli, sauyin ya tsaya a wannan gurbin kaɗai.

Tambaya: Malam, mene ne ma'anar “in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa”?

Amsa: Malama, zaƙi a nan na kunne ne, wato amo mai kaifi da daɗi. Fatar ganga in ta ɗaure tamau amonta ya fi tashi, a lokacin ne kuma ta fi kusa da yagewa. Ana faɗa wa wanda abu ya yi wa daɗi har ya wuce gona da iri. Mai akwati ma ya kiyaye: in ka ɗaga kowane layi har fitilar ma'aunin ƙara ta yi ja, amon zai dagargaje, kuma da wuya ya gyaru bayan naɗi. Rage layukan ɗaya bayan ɗaya, ka fara da kik da bes, wato amo mai kauri, har babban ma'auni ya tsaya wajen desibel 6 ƙasa da sifili (desibel shi ne awon ƙarfin amo).