Hoton talabijin ɗina yana kashe ido, ko allon ne ya lalace?

Tambaya: Malam, wata uku ke nan da na sayi talabijin LED. Fuskokin mutane sun yi jawur, da dare kuma hasken har hawaye yake sa ni. Wani mai gyara ya ce in kai komai 100 don hoton ya fito. Na yi, abin ya ƙara muni. Ina tsoron ko allon ne ya lalace.

Amsa: Kwantar da hankalinka, alamun da ka faɗa ba na lalacewar allo ba ne. Shawarar da aka ba ka ce za ta iya jawo maka abin da kake tsoro.

Fara da yanayin hoto. Fitar da talabijin ɗin daga "Vivid" ko "Dynamic", don kanti aka yi su, inda allo ke gasa da fitilu da sauran allunan da ke jere. Koma "Movie" ko "Cinema". Zafin launi ("Colour Temperature") ka sa "Warm", shi ya fi kusa da 6500K, wato ma'aunin farin da ake daidaita launin finafinai da shi. Kwana biyun farko za ka ga kamar an zuba wa hoton ruwan ɗorawa, ido zai saba. Launi ("Colour") ka mayar tsakiya, jan fuskar zai tafi.

Yanzu maganar 100 ɗin nan, wadda na gaji da jinta. Kullum sai an kawo min talabijin mai sauti babu hoto, in na duba sai in tarar "Backlight", wato hasken bayan allo, a ƙure yake tun ranar da aka buɗe kwali. Bayan allonka akwai layukan ƙananan fitilu, kuma babu abin da ke cin su kamar zafi. A jere aka haɗa su, wuta na bi ta ɗaya zuwa ɗaya, don haka in guda ta ƙone sai layin ya mutu, wani lokaci ma talabijin ta kashe hasken gaba ɗaya don kare kanta. Abin da ke ƙona min rai, mutumin da ya ce ka ƙure hasken shi ne gobe zai ce allo ya mutu, sayi sabuwa. Alhali in ka haska tocila dab da gilashin za ka hango hoton yana motsi, fitilun kawai za a sauya. Wanda bai san wannan gwajin ba, me ya kai shi kwance talabijin ɗin mutane?

Kuma 100 ba ta ƙara wa hoto komai. A yawancin talabijin "Brightness" duhun baƙi yake saitawa, in ka ƙure shi baƙi ya zama toka-toka. A wasu sababbin Sony da Samsung kuwa sunan hasken bayan allo ne, sai ka lura. "Contrast" in ya wuce kima, farar riga takan rasa ninkinta. "Sharpness" zane na ƙarya yake yi a gefen abubuwa, sauke shi ƙasa sosai.

Hasken bayan allon ka bar shi wajen rabi, da rana ka ɗan ƙara. Sai ka tsayar da fim a wurin da wani ke sanye da baƙar kwat, ka sauke saitin duhun baƙi ("Brightness" a yawancin talabijin) har ninkin kwat ɗin ya ɓace, sannan ka ɗaga kaɗan-kaɗan har ya dawo. Da dare kuma ka kunna ƙaramar fitila a bayan talabijin, kada ka yi kallo cikin duhu ƙirin.