Ina Ƙwaƙwalwar Tsohon Katin ISA Take Zama a Kwamfuta?

Tambaya: Muna da tsohuwar kwamfuta mai sarrafa inji, kuma katin ISA (tsohon tsarin haɗa katunan ƙari da kwamfuta) da ke cikinta yana da tasa ƙwaƙwalwar. Yaya firosesa take isa gare ta ba tare da an yi karo da RAM, wato babbar ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfutar, ba?

Amsa: Malam, firosesa ba ta san kati ba, adireshi kawai ta sani, wato lambar da ke nuna kowane gurbi a ƙwaƙwalwa. Idan ta kira wani adireshi, duk abin da aka saita ya amsa wannan lamba shi ne zai amsa, ko RAM ne ko kati.

Kwamfutar IBM ta 1981 tana da firosesa Intel 8088 mai layukan adireshi 20, wato iyakarta megabait 1. Sai aka bar wa RAM kilobait 640 na ƙasa, aka keɓe 384 na sama, daga adireshi A0000 zuwa FFFFF (a lissafin hex, mai haɗa lambobi da haruffan A zuwa F), domin katuna da BIOS, wato shirin da ke tayar da kwamfuta. Katin hoto ya ɗauki A0000 zuwa BFFFF, shi ya sa duk harafin da aka rubuta a B8000 yake bayyana a fuskar kwamfuta nan take. ROM ɗin katin hoto na VGA, wato ƙwaƙwalwar da ke riƙe da shirin katin, yana farawa daga C0000, sauran katuna kuma suna raba filin da ke tsakanin C8000 da DFFFF. Yayin tashi, BIOS yana bin wannan fili kilobait biyu-biyu yana neman alamar 55 AA, wadda ke nuna farkon ROM ɗin kati. In ya same ta, sai ya miƙa wa shirin katin ragama har ya gama shirya kansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a tsarin ISA na asali babu mai rabon adireshi. Mutum ne yake zaɓa da hannu, ta hanyar 'yan jampa (ƙananan mahaɗai da ake cirewa a sauya musu wuri) da ke jikin katin, kuma idan katuna biyu suka zauna a wuri ɗaya, dukansu za su amsa, bayanai su dagule. Haka ma EMM386, shirin rabon ƙwaƙwalwa na tsohuwar babbar manhajar DOS, yakan shimfiɗa RAM a kan filin kati, sai an hana shi da umarni irin X=D000-D3FF, wato ya ƙyale adireshi D0000 zuwa D3FFF.

Daga 1984 ISA ta samu layukan adireshi 24, tana kai wa megabait 16, kuma dalilin zaɓin buɗe giɓi tsakanin megabait 15 da 16 a wasu BIOS ke nan, domin ƙwaƙwalwar kati ta samu wurin zama a can ba tare da karo da RAM ba. A ganina kada ka kunna shi sai takardar katinka ta buƙata, domin wasu tsofaffin manhajoji za su daina ganin RAM ɗin da ke sama da giɓin.