Ku Tambayi Malamin Gona: Ruwan Dilimi, latas da takardar gwaji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da lambu a bakin Dilimi, gaba kaɗan da Farin Gada, gadon mahaifina ne. Da rani nake yin latas da kabeji da karas, ina jan ruwan kogin da inji. Bana na samu wani mai saye da ke kai wa otal a Abuja, farashinsa ba laifi, amma ya ce sai na kawo masa takardar gwajin ruwa. A makon nan kuma duba-gari suka zagayo, suka ce ruwan kwata muke ba shuka, za su dawo. Malam, da ruwan nan muka tashi, ban ga wanda ya kashe ba. Ina ake samun takardar, kuma me zan ce wa duba-gari? Daga mai lambu, Farin Gada, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ji ƙan mahaifinka, Ya sa albarka a lambun. Zan fara da inda ba za ka so ba: duba-gari ba su yi maka ƙarya ba. Dilimin da mahaifinka ya sani ba ita ce ta yau ba. Kafin ta iso wajenku ta ratsa tsakiyar gari, ta kwashi wankin gidaje, ruwan masai da ya yi ambaliya, baƙin man makanikai da abin da masu wankin mota suka zubar. Da damina ruwan sama yana tsinka wannan datti. Amma daga Janairu zuwa Maris, daidai lokacin da latas ɗinka ya fi ƙishirwa, kogin ya janye, abin da ke gudana a cikinsa yawanci daga kwatocin gari ya fito. Ka ce ba ka ga wanda ya kashe ba. To ai mai cin latas ɗin yana Abuja, in gudawa ta kama ɗansa bayan kwana biyu, ba zai turo maka saƙo ba.

Takarda ba ta da wuyar samu, in dai za ka biya. Ɗakunan gwaje-gwaje na jami'a da na hukumar ruwa da masu zaman kansu suna auna ruwa. Ka ce musu na ban ruwan kayan lambu ne da ake ci ɗanye, a duba maka ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida, da ƙwan tsutsar ciki, da gishiri, da dalma da sauran ƙarafa masu guba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989, wanda har yau masu saye da yawa ke riƙe da shi, ya ce kada ƙwayoyin nan su wuce 1,000 a cikin mililita 100, wato kamar rabin kofin shayi, kuma kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita guda. Idan ka ɗebi ruwa kai tsaye daga kogin a watan Fabrairu ka kai, ka shirya jin abin da ba zai yi maka daɗi ba. Saboda haka kada ka yi gaggawar kashe kuɗinka. Gyara tukuna, sannan gwaji.

Ni kaina na taɓa ɓata kuɗin wata ƙungiyar manoma a kan wannan. Farkon shigata aiki, na ɗebi ruwa a gorar lemo da na ɗauraye, na jefa a bayan mota, na tsaya ɗaurin aure, sai washegari na kai. Ma'aikaciyar ta dubi gorar ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan sai dai ka ba fulawa." Kwalbar da ake amfani da ita su ne za su ba ka, wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Za ka saka ta cikin kula mai ƙanƙara, ka isar da ita cikin awa shida in da hali. Kuma daga bakin mesar da ke zuba wa shuka za ka ɗeba, domin shi ne ruwan da latas ke sha.

Yanzu ga gyaran. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fitar da jagora, ta yarda cewa manomi irinka ba shi da masana'antar tace ruwa. Sai ta ce a jera shinge bayan shinge tun daga kogi har zuwa faranti, kowanne ya rage wani abu. Shingen farko da na fi yarda da shi a lambunan Jos shi ne rami. Kada injinka ya riƙa zuba ruwan kogi kai tsaye cikin komaye. Haƙa ramuka uku a gefen da ya fi tudu: ɗaya kana cikawa yau, ɗaya yana hutawa, ɗaya kana ɗiba. Ƙwan tsutsa ya fi ruwa nauyi, idan aka bar ruwan kwana ɗaya zuwa biyu ba a dama shi ba, yakan sauka ya kwanta cikin laka. Rana ma tana nata aikin a saman ruwan.

Amma ga inda mutane ke zubar da wahalarsu. Na je wani lambu wajen Naraguta, mai shi ya haƙa rami mai kyau, har ya yi masa dabe, yana ta nuna min da alfahari. Da na ja mesar sama, sai ga bakinta ya fito baƙi ƙirin, ya nutse cikin laka kusan taki guda. Duk abin da ya jira kwana biyu ya kwanta, injin yana zuƙe shi a minti biyar na farko ya watsa wa latas. Muka samo jarkar da ba kowa a ciki, muka toshe murfinta, muka ɗaure bakin mesar a jikinta da igiya yadda zai rataya kamar tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin saman ruwa. Ko naira ɗaya bai kashe ba. Kai ma ka duba naka kowace safiya kafin ka ja igiyar inji, kuma ka kashe injin tun ruwan bai kai ga lakar ba. Yara masu ɗiba da garwa su daina shiga ramin da ƙafa, a sa musu katako su tsaya a kai. Hasali ma idan 'yan ƙasa da shekara 15 ne ke aikin, ma'aunin ƙwan tsutsa ya fi tsanani har ninki goma, don su cutar ta fi kayarwa.

Lakar nan kuma, in ka kwashe ta a ƙarshen rani, sa takalmin roba da safar hannu. Na san ido zai raina ya zubar da ita, ga ta baƙa kamar taki. Kada ta koma cikin komaye. Tara ta gefe, nesa da rijiya, ta yi fiye da shekara, don ƙwan tsutsa na iya yin watanni da rai a cikin ƙasa.

Sai yadda ruwan ke isa ga shuka. Fesawa daga sama tana wanke ganye da datti, tana kuma fallatso ƙasa cikin zuciyar latas, inda wanki ba ya kaiwa. Bi da ruwan ta tsakanin kunya, shukar tana bisa. Wanda ke da halin bututun ɗigo ya fi kowa, don jagorar 2006 ta ƙiyasta yana rage kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin da ke hawa kayan da ke kusa da ƙasa. Sannan ka ɗauke ruwan kogin kwana biyu zuwa uku kafin yanka. A garuruwa masu zafi manoma na ƙin wannan saboda latas na yaushi, amma mu da muke bisa tsauni, sama da mita 1,200, sanyin hunturu yana taimakonmu. In ka ga zai yi laushi, ba shi ruwan rijiya a kwanakin nan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne in ga an yi duk wannan, sannan da asuba a tsoma karas da latas cikin kogin don su yi sheƙi kafin a kai kasuwa. An koma gidan jiya ke nan.

Akwai abin da rami ba ya magani. Idan gwaji ya nuna dalma ko wani ƙarfe mai guba ya yi yawa, jira da wanki ba sa fitar da shi, yana taruwa ne a ƙasa, ganye ya sha. A nan shawarata ita ce a daina ganyen ci a wannan fili, a koma fulawa ko dashen itatuwa, a nemi wani ruwan don latas. Na faɗa wa mutane haka sun daina gaishe ni, daga baya muka shirya.

Batun duba-gari kuwa, kada ka gudu, kada kuma ka sa hannu a aljihu. Hukumar NESREA ta tarayya mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da dokar tsabta da shara ta 2009 da ta ingancin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa ta 2011, a jiha kuma akwai PEPSA, hukumar kare muhalli da tsabta ta Filato. Nauyi mafi girma yana kan mai zubar da ƙazanta cikin kogi, amma kai ma abincin jama'a kake nomawa. Karɓe su da mutunci, nemi katin shaidarsu, roƙe su su rubuta maka abin da suke so a gyara da wa'adinsa. Kai kuma sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Rubuta ranar da ka cika kowane rami, ranar da ka ɗiba, ranar da ka ɗauke ruwa, ranar yanka, ranar kwashe laka, ranar da ruwan ya canja launi ko wari da abin da ka yi. Takardar gwaji shaidar rana ɗaya ce, littafin nan kuwa na rani gaba ɗaya ne, kuma shi mai sayenka zai fi nutsuwa da gani. In kun haɗu ku biyar ko goma masu jan ruwa a wuri ɗaya, ku yi karo-karo ku gwada sau biyu, farkon rani da tsakiyarsa.

TAMBAYA: Malam, ina tara ruwan wanki da na wanka a tanki ina ba 'yan bishiyoyina da tumatir ta bututun ɗigo. Yanzu tankin na wari, rabin ramukan bututun sun toshe, ga wani fari-fari a kan ƙasa. Daga wata uwargida, Bukuru.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Warin daga ajiya ne. Irin wannan ruwa ba ya son kwana, in ya wuce yini guda a tanki sai ya ruɓe, don haka na yau a ba shuka yau. Toshewar kuma zaren tufafi ne da gashi da dattin sabulu. Sa rariya a bakin tanki, ko tsohuwar safa ma ta isa, ki riƙa wanke matatar bututun duk bayan kwana biyu. Sau ɗaya a mako ki buɗe ƙarshen kowane layi, ruwa ya fita da ƙarfi har sai ya yi haske.

Farin da kike gani gishiri ne, yawancinsa daga garin sabulun wanki. Ruwan sabin farko ki zubar da shi, ki ɗauki na ɗauraya. Akwai ƙaramin ma'aunin gishiri mai kama da alƙalami. A lissafin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 0.7 dS/m, wato awon gishirin cikin ruwa, babu damuwa, sama da 3 kuwa shuka za ta wahala. Ruwan da aka wanke kashin jarirai ko kayan mara lafiya kada ya shiga tankin sam.

Abu ɗaya da nake so mai gyaran famfonki ya duba a gabanki: kada bututun wannan tanki ya haɗu da na ruwan sha ko ta ina, kuma kada mesar famfo ta nutse cikin tankin. Ranar da aka ɗauke ruwa, bututun na iya zuƙo na wankin ya koma layin gida. A Amurka shuɗi mai ja-ja, wato shunayya, suke yi wa bututun irin wannan ruwa don kada a rikita. Ke ma sayi ƙaramin gwangwanin fenti ki shafa wa naki, ki cire kan famfon tankin ki ajiye a ɗaki saboda jikoki.