Shin "plea" roƙo ne? Amsar wasu tambayoyi kan maganar kotu

Wani ɗalibi daga Fagge ya turo min tambaya, wai ya ji a labarai an ce "wanda ake ƙara ya roƙi kotu cewa ba shi da laifi", shi dai maganar ba ta zauna masa ba, ya za a yi mutum ya roƙi rashin laifi? Ɗana ka yi gaskiya, kunnenka lafiyarsa ƙalau. Wanda ya fassara ne ya buɗe ƙamus ya ga "plea" roƙo ne sai ya ɗauko, alhali a kotu ma'anarta amsar da mutum ya bayar bayan an karanta masa tuhuma. Hausa kuma ba ta rasa kalma ba: ko ya amsa laifi, ko ya musanta. A kotunan shari'ar Musulunci, irin ta Ƙofar Kudu, za ka ji ana cewa ya yi iƙirari ko ya yi inkari, duka biyun daga Larabci muka aro su kuma sun daɗe da zama namu. Roƙo yana da wajensa, sai bayan an sami mutum da laifi alƙali ya ba shi dama ya yi magana, nan ne zai ce a tausaya masa yana da iyali, shi ne neman sassauci. In kuma Turancin za ka rubuta, "pleaded guilty to" ake cewa, ita "of" ɗin abokiyar "found guilty" ce, kar ka cakuɗa su.

Sai wata 'yar'uwa daga Gwammaja, tambayarta ta fi taɓa ni. Ta ce Malam Bahaushe ya ce "shiru ma magana ce", to in an tambayi mutum a kotu ya yi gum ai ya amsa kenan? A'a Hajiya. Karin maganar nan ta zaman gida ce, inda kunya da kara suke hana baki, kamar budurwa a tambaye ta zancen aure ta sunkuyar da kai, kowa ya san abin da take nufi. Kotu ba ta da wannan karar, wanda ya ƙi magana rubuta masa ake yi cewa bai amsa laifi ba a ci gaba da shari'a, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Kai, in laifin hukuncinsa kisa ne ko da bakinsa ya ce ya amsa ba a karɓa, sai masu gabatar da ƙara sun kawo shaidu.

Karin maganar da ta fi dacewa da wurin nan ita ce "baki shi ke yanka wuya". Na taɓa zama a wata kotun majistare nan cikin gari, aka shigo da wani saurayi ana tuhumarsa da karɓar wayar sata, rigarsa duk ta yamutse sai zufa yake yana waiwayen mahaifiyarsa da ke bencin baya. Aka karanta masa, aka ce ka ji? Ya ce eh. Ka gane? Eh. Gaskiya ne? Ya ce eh na saya. To "na saya" daban, "na san ta sata ce na saya" daban, kuma a tsakanin biyun nan laifin yake! Allah ya taimake shi alƙalin mai natsuwa ne, ya sa aka sake tambayarsa a hankali, sai ga shi yana rantsuwa wallahi bai sani ba har rasit aka ba shi. Mu Hausawa "eh" ɗinmu ta ladabi ce, babba na magana kana cewa eh, eh, ba wai ka yarda ba ne, shi ya sa nake ganin tafinta ya daina tsayawa a "gaskiya ne?" kawai, ya fito fili ya ce ka amsa wannan laifin ko ba ka amsa ba. Tafintan ma haƙƙinka ne, wancan sashe na 36 ya ce a ba ka kyauta in ba ka jin harshen da ake shari'ar da shi.

'Yan jarida kuma don Allah, wanda ake zargi yana hannun 'yan sanda, wanda ake tuhuma an gurfanar da shi, mai laifi sai alƙali ya yanke hukunci. Ku daina kiran na farkon da sunan na ƙarshe.